Neman kalma: "on" da "off" a takardar mai cutar Parkinson

Jama'a, ina neman taimako. Mai cutar Parkinson (ciwon ƙwaƙwalwa mai hana jiki motsi yadda ya kamata) idan ya yi shekaru yana shan maganin levodopa, akan kai lokacin da ƙwaya ɗaya ba ta kai shi zuwa ta gaba. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suna ta ƙarewa, sai aikin maganin ya riƙa gajarta. Shi ya sa likita kan ba shi takarda ya cike a gida, duk rabin awa: barci yake, ko "on" (magani yana aiki a jikinsa), ko "off" (aikin maganin ya ƙare). Da ita ake gyara lokutan shan magani, don abin da likita ya gani cikin 'yan mintoci a asibiti ba shi ne yinin mutum ba. To, me za mu rubuta da Hausa?

Wani ya ce "a kunne" da "a kashe". Ban yarda ba. Ba za a sa dattijo mara lafiya ya rubuta "a kashe nake" da hannunsa ba.

Wata Hajiya ta kawo "makyarkyata ta tashi" da "ta kwanta". Hajiya, kin kusa, amma akwai masu cutar da ba sa makyarkyata sam. Nasu nawar motsi ce da sandarewar gaɓoɓi, ko ƙafa ta kafe a bakin ƙofa ta ƙi ɗagawa. Irinsu za su bar layin fayau alhali suna cikin wahala.

Ni na fi karkata ga abin da muke faɗa tuntuni: magani ya kama, allura ta sake shi. Sai wani Malam ya ja hankalina cewa idan an gajarta zuwa "saki" kawai, mai jinya zai ɗauka jiki ne ya saki, ya sami sauƙi, wato akasin abin da ake nufi. Gaskiyarka, Malam. Saboda haka mu rubuta su cikakku: "magani ya kama", "magani ya sake shi". A gefe a sa lokacin cin abinci, tunda nama da wake kan rage wa levodopa ƙarfi a jikin wasu.

Saura ɗaya, "dyskinesia": motsin da jiki ke yi ba da son mai shi ba, galibi lokacin da magani ya kai ƙololuwa. Kada a haɗa shi da makyarkyata a layi guda, domin likita na iya ƙara magani inda ya kamata ya rage. Na ba da "murɗe-murɗen magani". Masu jinya, me kuke ce masa a gida?