Idan ƙaddara ta riga fata, laifin wa ne abin da na aikata?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Ina tsaron shagon yadi a Kantin Kwari, kuma shekara 2 ke nan da na faɗa cacar ƙwallo ta waya. Da farko da kuɗina nake yi, daga baya na fara zarar kuɗin ciniki da niyyar mayarwa idan na ci, har abin ya kai naira dubu 180 maigidana bai sani ba. Na sha rantsuwa cewa na daina, amma da zarar ranar wasa ta zo sai in ji kamar ana ja na da igiya. Wani abokina ya ce kada in takura wa kaina, sharrin Shaiɗan ne, kuma alƙalami ya riga ya bushe. Maganarsa ta sanyaya mini rai kwana biyu, sannan ta daina. Idan an riga an rubuta, zuciyata kuma ta fi ƙarfina, ta yaya za a kama ni da laifi?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yaye maka. Abin da abokinka ya faɗa tsohuwar magana ce, domin ita ce aƙidar Jabariyya da ake dangantawa da Jahmu bin Safwan, masu cewa bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, kuma malaman Sunna sun yi watsi da ita kamar yadda suka yi watsi da ta Ƙadariyya masu kore ƙaddara. Allah ya san abin da za ka yi, ya kuma rubuta shi, amma kai ba ka ga rubutun ba lokacin da ka miƙa hannu cikin kuɗin, da nufinka ka miƙa shi.

Shi kansa Shaiɗan ɗin da ake ɗora wa laifi zai tsame kansa. A aya ta 22 ta Suratu Ibrahim, zai ce wa mabiyansa ranar ƙiyama ba shi da wani iko a kansu, kira kawai ya yi suka amsa, don haka su zargi kansu. Ka kuma lura da bambancin Annabi Adamu (AS) da Iblis, wanda kullum yake ratsa ni idan na karanta: Iblis ya jingina ɓatansa ga Ubangiji, Adamu da Hauwa'u kuwa suka ce sun zalunci kansu, sai aka karɓi tubarsu. Ƙaddara abin rarrashin zuciya ce idan kasuwa ta ƙone ko ɗa ya rasu, ba hujjar ci gaba da saɓo ba.

Uwar Biyu:
Malam, na yarda da bayaninka, sai dai ina ganin kada a raina igiyar da yaron nan ya ambata. Ƙanena ya yi fama da shan maganin tari mai kodin kafin gwamnati ta hana shi a 2018, kuma na ga da idona yadda sabo yake cinye ƙarfin mutum har ya riƙa kuka yana aikata abin da ya tsana. Zaɓinsa bai mutu ba, amma ya ƙuntata ƙwarai. Shi ya sa nake ganin alhakin ya fi nauyi a matakan farko, lokacin da zuciya take kwance: barin manhajar a waya, zama da abokan caca, kwana da kuɗin shago a aljihu. Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana.

Malamin Zaure:
Gaskiya ne, Hajiya, kuma shi ya sa Alƙur'ani ya hana kusantar zina, bai tsaya ga hana aikata ta ba. Amma ina da tambaya guda ga mai tambaya: ka taɓa zarar kuɗin nan maigidanka yana zaune a shagon? Idan idon mutum ɗaya yana iya tsayar da hannunka, to hannun bai fita daga ikonka ba, kuma ba ka cikin mutum 3 da hadisi ya ce an ɗauke musu alƙalami, wato mai barci, da yaro, da mahaukaci. Sannan tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da shi ko mai shi ya yafe.

Ɗan Kwari:
Wallahi ban taɓa yi yana nan ba, ko sau ɗaya. Na goge manhajar yanzu, kuma na roƙi yayana ya raka ni wurin maigida bayan sallar Juma'a, domin ba zan iya haɗa ido da shi ni kaɗai ba. Malam, idan ya amince in riƙa biya kaɗan-kaɗan daga abin da yake ba ni duk wata, tubata ta inganta tun daga ranar, ko sai na kammala biyan?