Haɗin gwiwa ne ko bara? Muhawara kan asibitocin waje da kansar yara

Maman Biyu: Salamu alaikum. Ku bar ni in fitar da abin da ke cin raina. Wata biyu ke nan da rasuwar ɗan ƙanwata, shekararsa 5. Kumburi ne ya fito masa a muƙamuƙi, aka ɗauka haƙori ne, kafin sati uku fuska ta karkace har ba ya iya rufe baki. A ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi akwai allo, wai suna haɗin gwiwa da wani asibitin ƙasar waje. Da idona na ga baƙin sun zagaya gadaje, an ɗauki hotuna. Sau biyu aka ɗaura masa maganin, kumburin ya sace har ya nemi abinci da kansa. A karo na uku aka ce magani ya yanke. Uwarsa na kwana a ƙasa gefen gado tana jira, kumburin ya dawo ya fi na da. Ni dai na ce haɗin gwiwar nan da ake yi da ƙasashe masu tasowa bara ce aka sa wa riga. Ranar da mai bayarwa ya juya baya, yaranka ne za su mutu.

Nas ɗin Yara: Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Yadda kika kwatanta ya yi kama da kansar yara da ake kira Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Tana saurin girma, tana kuma saurin jin magani, shi ya sa yankewar maganin ta fi komai ciwo. Amma Hajiya, kalmar bara ta yi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa da kansa duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa, a yawancin matalautan ƙasashe ba su kai 30 ba. Wanda ya zo rage wannan tazara ba a ce ya zo raba sadaka.

Kawu: To 'yata, in ba bara ba mece ce? Hannu ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Gwiwa da gwiwa ake haɗawa, ina tamu gwiwar?

Malamin Kimiyya: Kawu, da girmanka, mabaraci in ya karɓa ya ci, gobe ya dawo hannu wofi. Je ka duba Recife a Brazil. Asibitin St. Jude na Amurka ya haɗa kai da wani asibiti a can tun cikin shekarun 1990. Aka ware wa yara sashensu, aka horar da nas-nas, aka samar wa iyayen da suka zo daga nesa masauki da kuɗin mota. Masu gudu da yaro kafin a gama magani suka ragu daga kashi 16 zuwa ƙasa da kashi 1, masu tsira daga kansar jini suka tashi daga kashi 32 zuwa 63. Ilimin ya zauna a hannun 'yan ƙasa. Wace bara ce ke barin wannan?

Kawu: Brazil ka kawo min? Ƙasar da ke ƙera jirgin sama? Kawo misali daga inda asibiti ke kwana babu wuta.

Ɗan Auta: Ni abin da ya dame ni, me ya sa kowa ke cewa kansa? Ciwon daji muka sani.

Malamin Kimiyya: Sankara ce daidai.

Ɗan Auta: A'a Malam, sankara ta mama aka fi sani. Yaro ɗan shekara 5 ina shi ina sankara?

Nas ɗin Yara: Don Allah ku bar wannan. Uwar da aka gaya wa ɗanta na da ita ba ta tambayar wane suna ya fi daidai.

Yayan Gida: Anti Nas, a faɗi gaskiya, ba ke ce kika taɓa gaya mana an kai ki kwas waje ba? Dole ki kare su. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Nas ɗin Yara: An kai ni, ban ɓoye ba, sati shida. A can na koyi cewa yaron da ke kan wannan magani in zazzaɓi ya kama shi, cikin awa ɗaya ake so a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba a jira gari ya waye. Na dawo na koya wa abokan aikina. Akwai yarinyar da na tarar da tsakar dare jikinta kamar wuta, uwar ta lulluɓe ta da zane tana cewa sanyi ne. Yau tana makaranta. Ka kira ni mabaraciya in ka so, amma ka janye maganar kuturu.

Yayan Gida: Karin magana ne, ban zagi kowa ba. Ba zan janye ba.

Kawu: Yaro, ka janye. Ra'ayinmu ɗaya da kai, amma ta girme ka.

Malamin Kimiyya: A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da St. Jude suka ƙaddamar da shirin kai masu tsira zuwa kashi 60 nan da 2030. A 2021 St. Jude ya yi alkawarin dala miliyan 200 don samar da magungunan kansar yara, aka fara kai wa Mongoliya da Uzbekistan a 2025. Gwamnatoci ne ke shiga da kansu su ɗauki nauyin da ke kansu.

Kawu: Ka faɗa da bakinka. Dalar wa? In ta ƙare fa? Bara ke nan.

Ɗan Auta: Ai ko a addini akwai bambanci tsakanin roƙo da kyauta. Wanda aka ba bai roƙa ba, ba mabaraci ba ne.

Kawu: Wa ya ce maka ba a roƙa ba? Takardar neman tallafi da ake cikawa, mene ne sunanta?

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta, masu ilimin abin sun kawo hujja da alƙaluma cewa haɗin gwiwar nan na ceton rayuka, ɗaya ɓangaren kuma bai kawo komai ba sai zafin rai. Kalmar bara ba ta dace ba, kusan kowa ya yarda da haka. Yayan Gida, ka nemi afuwar Anti Nas. Hajiya, muna ƙara yi miki ta'aziyya.

Kawu: Shugaba, wane ne kusan kowa? Ni ban yarda ba.

Maman Biyu: Na janye bara, ku sa duk sunan da kuke so. Ni dai har yanzu ba wanda ya gaya min wa ya kamata ya kawo maganin karo na uku.