Shawarwari ga mai neman kujerar shugaban ƙasa

A wata tattaunawa da muka yi kan shawarwarin da za a ba mai neman shugabancin Najeriya, zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 aka fi tsayawa a kai. Sama da mutum miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Yawancinmu mun ga yanke ƙauna ce ta zaunar da mutane a gida. Hukumar zaɓe ta INEC ta yi alkawarin ɗora sakamakon kowace rumfa a IReV, shafinta na intanet na duba sakamako, nan take, sai na shugaban ƙasa ya maƙale.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce ɗan takara ya rage kashe kuɗi kan gangami, ya zuba su kan wakilan akwati. A horar da su, a biya su tun kafin ranar zaɓe, kada su bar rumfa sai an sa hannu a takardar sakamakon rumfa ta EC8A sun ɗauki hotonta. Rumfunan sun haura 176,000, sai an fara da wuri.

Wata malama ta ce a daina dogaro da rabon taliya da atamfa, mata na karɓa amma ba sa manta wanda ya ɓace musu shekara huɗu. Ina bayanta. Alkawari kuma a taƙaita shi, kamar farashin taki da tsaron hanyar gona, ɗan takarar ya faɗa da bakinsa a rediyo.