Musayar Waƙa: Har Yaushe, Ya Ubangiji?

Ɗan Wusasa:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Abin ya ƙi faɗuwa da baki, shi ya sa na sa shi a waƙa.

Na gama bautar ƙasa na komo gida,
Har yau takardata ba ta ci kasuwa ba.
Na bi ofis-ofis riƙe da ambulan,
"Ka dawo gobe," goben ba ta iso ba.
Ƙannena na ta aure ina kallo,
Ni ko kuɗin gaisuwa ban haɗa ba.
Azumi na yi, addu'ar dare na je,
Zakkar ɗan abin hannuna ban hana ba.
Ana ce mini lokacin Allah ya fi,
Na yarda, amma zuciya ba ta kwanta ba.
Har yaushe, ya Ubangiji? Na tambaya,
In saɓo ne ku faɗa mini, ban sani ba.

Mama 'Yar Zumunta:
Ɗana, tambayarka ba saɓo ba ce,
Dauda ya riga ka, shi ne ya fara.
Buɗe Zabura ta 13 ka gani,
"Har yaushe" sau huɗu ya jera.
Ibrahim na da 75 ya bar Haran,
Ba taswira a hannu, ya amsa kira.
Sai da ya cika 100 Ishaku ya zo,
Saratu ta tsufa tana ta jira.
Da suka gaji suka yi tasu dabarar,
Gida ya rikice, kishi ya ƙi gyara.
Yusufu na da 17 aka sai da shi,
Yana 30 Fir'auna ya ce a kira.
Kar gaggawa ta kai ka ƙofar banza,
Wanda ya kira ka bai manta da saura.

Malamin Lahadi:
Mama, na durƙusa, ki gafarce ni,
Zan ƙara kaɗan a kan wannan bayani.
Mu da ke karanta labarin Yusufu
Mun san ƙarshensa, shi ba ya da sani.
A kurkuku ya roƙi mai shayar da sarki ya tuna da shi,
Mutumin ya fita, bai sa shi a tunani.
Shekara biyu cur ƙofa na kulle,
Ba mai leƙo, ba saƙo daga wani.
Ibraniyawa 11 ta ambaci waɗansu,
Sun mutu alkawari na nesa, ba riƙo sai gani.
Kada mu yi wa ƙanenmu alkawarin ofis,
Yesu ya ce ba namu ba ne sanin zamani.
Abin da ya sa wa hannu guda ne tak:
Ba zai yashe mu ba, kai da ni.

Ɗan Wusasa:
Mama, na gode, kin sanyaya mini rai.
Malam, taka ta yi zafi amma ta shiga.
To, in ba ranar da zan sa wa ido,
Litinin da safe me zan yi in na farka?

Baba Dattijo daga Malumfashi:
Ni manomi ne, waƙata ba ta da ado, ku yi haƙuri da ita. Yakubu 5:7 ya kawo misalinmu, don haka bari in yi magana.

Jikana, manomi ba ya kiran ruwa,
Amma ba ya kwance har hadari ya taso.
Tun da rani yake sharar gona,
Ya kai taki a jaki, ya koma ya kwaso.
Wani ma binne yake a busasshiyar ƙasa,
Gero na ciki tun gajimare bai matso.
Wata shekara ruwan ya yi jinkiri,
Iri ya lalace, ya nemo wani ya auno.
Ba ya ce Allah ya yi masa ƙarya,
Ya san ba a hannunsa ruwa ke sauko.

Kuma tunda daga Wusasa kake, ka tambayi tsofaffinku. Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna a Zariya tun 1905 yana fama da aikin fassara, amma sai 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Duk shekarun nan ba hannu aka naɗe ba.

Mama 'Yar Zumunta:
Malam, na karɓi gyara, gaskiyarka ce,
Ban da ikon yi wa Allah alkawari.
Amma Marta ma ta ce, "Da kana nan,"
Li'azaru na kwana huɗu a kabari.
Yesu bai tsawata mata kan kukan ba,
Shi ma ya zub da hawaye a sarari.
Ɗana, kai kukanka gare shi kai tsaye,
Ka daina haɗiye shi, zai zame ma garari.

Ɗan Wusasa:
Baba, zan fita sharar tawa gonar,
Yaran unguwa na neman mai koya lissafi.
Ban ce na daina jin ciwon ba tukuna,
Ku riƙe ni a addu'a in sami ƙarfi.

Mama 'Yar Zumunta:
Amin, ɗana. Ranar taron zumunta za mu sa ka a addu'a. Lissafi ka karanta ke nan? Faɗa mini ajin da za ka iya koyarwa, jikokina biyu na shirin jarrabawa, za su zama ɗalibanka na fari.