Neman shawara: jinyar mahaifiya da hutun aiki

Mai tambaya (an sakaya suna): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a nan Jos. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo ta daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), za a riƙa kai ta gashin ƙashi. Manaja ya ce babu hutun jinyar iyaye. Haka ne? Inshorar ofis fa, za ta ɗauke ta?

Barista: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Manajanki bai yi ƙarya ba. Dokar Ƙwadago ba ta tanadi hutun jinyar wani ba. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci kwana 12 na aiki a shekara da albashi idan shi kansa ne ba lafiya, da shaidar likita. Sashe na 18 kuma hutun shekara ne, aƙalla kwana 6 bayan wata 12 ana aiki. Sai dai dokar ba ta shafi manajoji da ƙwararru ba, su takardar ɗaukar aiki ce hujjarsu. Ki ɗauko taki da kundin dokokin kamfanin, kamfanoni da yawa suna bayar da fiye da haka.

Jami'ar kula da ma'aikata: 'Yar'uwa, kada ki nema da baki. Rubuta takarda, ki haɗa da rahoton likitan Hajiya, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Ki sa ranar tafiya, ranar dawowa, da wanda zai riƙe teburinki. Fara da hutun shekara, in ya ƙare ki nemi na ba albashi, amma ki tambaya a rubuce ko inshora da fansho za su tsaya. Don Allah kada ki karɓo takardar rashin lafiya da sunanki. In aka bincika, kora ce, kuma ba ki da bakin magana a Kotun Ma'aikata.

Ma'aikacin inshora: Yawanci inshorar aiki tana ɗaukar ma'aikaci, mata ko miji, da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki sai an biya musu daban. Ki tambayi HMO ɗinku, wato kamfanin da ke kula da inshorar lafiyarku, kuɗin ƙarin mutum, ki gwada da na PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Filato, da GIFSHIP, shirin ɗaiɗaikun mutane, iyali da ƙungiyoyi na Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA). Akwai lokacin jira bayan rajista, don haka yau ta fi gobe. Inda mutane ke asara: zuwa babban asibiti ba takardar turawa da lambar amincewar HMO, sai su biya daga aljihu. Ki kuma tambayi sau nawa suke biyan gashin ƙashi, don yana da iyaka. A tsarin NHIA kashi 10 na kuɗin magani naki ne.

Nas: Ni ban goyi bayan ki kwashe hutun a lokaci guda ba, ƙanwata. Wannan jinyar ta watanni ce. In ba ta iya juyawa da kanta, sai an juya ta duk awa 2, har da dare, gudun gyambon kwanciya, mutum ɗaya ba zai iya ba. Ɗauki mako guda ki koyi juyin da ciyarwa a zaune, sauran kwanakin ki rarraba su a ranakun asibiti, 'yan'uwa su raba kwanan dare.

Jami'ar kula da ma'aikata: Rarrabawar ma sai ta shiga takardar, in ba haka ba za a rubuta miki fashin aiki.