The Orioles na Baltimore: su wa ne na asali, kuma me suka kawo sabo?

Mai_Garmaho:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka ce. Ana yawan cewa The Orioles ne suka share wa salon doo-wop (waƙar haɗa muryoyi ta ƙungiya mai ƙarancin kayan kiɗa) hanya, alhali Ink Spots da Mills Brothers sun riga su da shekaru. To mene ne sabon da suka zo da shi? Sannan fayafayan da ke ɗauke da sunansu muryoyin ba iri ɗaya ba ne. Yaya ake gane na asali?

Baba_Tanko:
Wa alaikumus salam. Na asali su biyar ne, samarin birnin Baltimore: Sonny Til mai jan baki, Alexander Sharp mai siririyar murya, George Nelson mai matsakaiciya, Johnny Reed mai kauri wanda kuma ke kaɗa babban bes, sai Tommy Gaither mai gita. Da Vibra-Naires ake kiransu, daga baya suka ɗauki sunan tsuntsun da jihar Maryland ta yi tambari da shi.

Wadda ta fito da su wata matashiya ce mai rubuta waƙa, Deborah Chessler. Ita ta zama manajarsu, ta kai su gasar rediyo ta Arthur Godfrey a New York a 1948. Ba su ci ba, makaho mai kaɗa piyano George Shearing ne ya lashe, amma Godfrey ya sake gayyatarsu shirinsa. Daga nan Jerry Blaine, mai ƙaramin kamfanin faifai na Jubilee, ya ɗauke su, suka naɗi waƙar Chessler, "It's Too Soon to Know". Ta hau lamba 1 a jadawalin waƙoƙin baƙaƙen fata, ta kai ta 13 a na gama-gari, abin da ba kasafai ƙaramin kamfani ke samu ba a lokacin.

Hajiya_Binta:
Baba ya kawo tarihin, bari in ɗora da tsarin muryoyin, don amsar tambayarka ta farko a nan take, Malam.

Ink Spots waƙa suke yi a goge, irin wadda kowane gida zai karɓa: Bill Kenny ya ja baiti da siririyar murya, mai kaurin murya ya maimaita shi da magana, shi ke nan. Orioles suka rage gudun waƙar ƙwarai. Til ya riƙa jan kalma yana karya murya kamar mai roƙon masoyiya ido da ido. Sauran ba sa bin kalmominsa, sai dai su shimfiɗa masa "uuu" a ƙasa, Sharp kuma yana yawo can sama ba kalma ko ɗaya. Idan an zo tsakiya sai Nelson ya karɓi jan bakin na ɗan lokaci ya mayar wa Til. Kiɗan kaɗan ne, muryoyin ke ɗauke da nauyin.

Masu kwaikwayo a nan suke faɗuwa. Idan waƙa ta yi sanyin gudu haka, babu ganga mai ƙarfi da za ta rufe kuskure, ko kaɗan mai siririyar murya ya zame sai kowa ya ji. Idan kuma 'yan amshi suka ɗaga murya, sun danne mai jan baki, daɗin ya tafi. Ga shi faifan garmaho mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowane gefe, dole komai ya shiga a tsare.

Dan_Faifai:
Hajiya, gaskiya ne, amma kada a danne haƙƙin Ravens na New York. Tun 1946 suke, kuma su suka fara sunan tsuntsu. Sai dai su mai kaurin murya, Jimmy Ricks, suka sa a gaba. Salon Orioles ya fi sauƙin kwaikwayo ga samarin da ba su da kayan kiɗa, shi ya sa ya bazu: Cardinals da Swallows a Baltimore ɗin kanta, Crows a Harlem, Penguins a Los Angeles.

Baba_Tanko:
Haka ne, ɗana. Batun bambancin muryoyi kuwa, ka bi shekarun. A Nuwamban 1950 suna tafiya a mota biyu kusa da Baltimore, wadda Gaither ke tuƙawa ta ƙwace masa. Ya rasu, Nelson da Reed suka ji rauni. Ralph Williams ya karɓi gitar. A 1953 Nelson ya fita, Gregory Carroll ya shigo, kuma da wannan zubin suka yi "Crying in the Chapel", wadda asalinta waƙar kantiri ce (salon Turawan karkarar Amurka) ta Darrell Glenn. Ta hau lamba 1 a jadawalin waƙoƙin baƙaƙen fata, ta 11 a na gama-gari. Ita ce babbar nasararsu ta ƙarshe.

Tsakanin 1954 da 1955 Chessler ta ajiye aiki, ƙungiyar ta watse. Til ya ɗauko wata ƙungiya mai suna Regals ya laƙaba musu sunan Orioles, suka koma kamfanin Vee-Jay a 1956. Har rasuwarsa a 1981 yana ta sauya abokan waƙa a ƙarƙashin sunan.

Saboda haka ka duba kamfani da shekara. Jubilee daga 1948 zuwa ƙarshen 1950, biyar ɗin farko ne cif. Daga 1951 zuwa 1954 Til da Sharp da Reed suna nan. Duk abin da ya zo bayan haka, Til ne da sababbin mutane. Ka yi hattara da na kamfanin Charlie Parker na 1962: sunayen waƙoƙin tsofaffi ne, amma sake naɗarsu aka yi.