Lofen totuwa: Tibbe ne ya ƙirƙira, ko manomi aka yi wa wayo?

Baban Ihsan: Jama'a, ku ji wani abin mamaki. A jihar Mizuri ta Amurka akwai ɗan ƙaramin gari mai suna Washington, ba babban birnin ba, inda kamfanin Missouri Meerschaum yake yin lofen shan taba da totuwar masara tun 1869. Totuwar nan dai da muke hura wuta da ita! Wani kafinta ɗan ƙasar Holan, Henry Tibbe, shi ya ƙirƙiro abin.

Malam Na Tasha: Baban Ihsan, kalmar "ƙirƙira" ta yi nauyi. Labarin da kamfanin da kansa yake bayarwa shi ne, wani manomi ne ya fafe totuwa ya yi lofensa, sannan ya je wajen Tibbe ya ce ya gwada gurza masa irinsa a injinsa na katako. Manoma sun riga shi sanin abin. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Yau ko sunan manomin ba a ambata.

Kawu Direba: Malam, da girmanka, amma ban yarda ba. Ka taɓa sa totuwa a murhu? Ni na yi girki da ita a ƙauye lokacin kaka. Kafin ka juya tuwo sau biyu ta zama toka, ga hayaƙi mai sa hawaye. Duk jikinta ƙofofi ne. Lofen da manomi ya fafe da wuƙa, sha nawa zai yi kafin wuta ta huda gindinsa? Abin da Tibbe ya yi shi ne ya cike ƙofofin da garin filasta, irin wanda ake silin ɗin POP da shi, ya bari ya bushe, ya goge har ya yi sumul. A kan wannan dabarar aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1878, ba a kan totuwa ba.

Malam Na Tasha: To ai ka faɗa da bakinka, Kawu. Gyara ya yi.

Kawu Direba: Gyaran da ya mai da abin yarwa hajar sayarwa, me za ka kira shi?

Maman Walida: Ni sunan ne ma ya fi ba ni haushi. "Meerschaum" Jamusanci ne, ma'anarsa kumfan teku. Wani farin dutse ne mara nauyi da ake haƙowa a Eskishehir ta Turkiyya, da shi ake sassaƙa lofen masu hannu da shuni. Kamfanin da aka sani da H. Tibbe & Son ya koma amsa wannan suna a 1907. Ka sayar wa mutum totuwa da sunan dutse mai tsada, wannan ba angulu da kan zabo ba ne?

Baban Ihsan: Hajiya, ai ba wanda aka rufa wa ido. Mai saye yana ganin totuwa ƙiri-ƙiri a hannunsa. Kirari ne kawai, wai ga na talaka, mara nauyi, mai sanyin hayaƙi kamar na attajirai. Kuma ba talaka kaɗai ba. Janar Douglas MacArthur, wanda ya ja ragamar sojojin Amurka a Filifin a yaƙin duniya na biyu, dogon lofen nan mai zurfin baki da ake ganinsa da shi a hotuna na totuwa ne. Har yau kamfanin yana sayar da samfurin da sunansa.

Kawu Direba: Ƙari kuma, Malam: ba kowace masara ba ce. Da taimakon Jami'ar Mizuri aka samar da wani irin farar masara mai ƙatuwar totuwa, don lofe kawai ake nomanta, sannan a jibge totuwar ta yi kamar shekara biyu tana bushewa kafin ta ga inji. Manomin naka ya yi wannan?

Alhaji Babba: Ku dai kuna ta musu a kan abin da ke cin huhu. Allah ya shirye ku.

Maman Walida: Amin, Baba. Ba mai sha a cikinmu, tarihi ne.

Malam Na Tasha: Na ji, Kawu, filasta na Tibbe ne, irin masara na jami'a ne. Amma Baban Ihsan cewa ya yi shi ya ƙirƙiro lofen totuwa. Ya janye wannan tukuna.

Baban Ihsan: Rabi na janye.